Gyambon Baba da Man Kaɗen Gwaggo

Mahaifina ya faɗi ne a bakin gonarsa ta shinkafa a bayan garin Bakura, ana tsakiyar noman rani. Maƙwabcin gonarsa ya hango shi kwance, ya ɗauka hutawa yake, sai da ya matso ya ga bakinsa ya karkace. A asibiti a Talata Mafara aka ce hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame mu, likita ya ba mu magunguna, ya kuma ja kunnenmu a kan abu ɗaya: a riƙa juya shi, kada ya daɗe kwance a ɓari guda.

Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ko bayan na yi furfura a gemu, in zai yi maganata sai ya ce "wancan yaron". Inna ma haka. Tun da aka yaye ni Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ɗauke ni zuwa ƙauyen mijinta a bayan Damaga, a can na girma har na isa shiga makarantar gaba da firamare. Tsakanina da Baba gaisuwa ce kawai. In durƙusa a ƙofar zaure, ya tambaye ni iyali da aiki yana kallon wani gefe, in amsa, in tashi.

Ƙannena mata duk suna gidajen mazajensu. Ƙanena namiji direban babbar mota ne, yana kudu mafi yawan shekara. Inna kuma gwiwoyinta sun gaji, da sanda take zuwa bayan gida. Saboda haka kullum in na tashi daga makarantar da nake koyarwa a Talata Mafara, sai in hau babur in nufi Bakura. Nakan tsaya daga bakin ƙofar ɗakin in gaishe shi, in tambayi Inna ko an juya shi, ta ce an juya. Kuma gaskiyarta ne. Takan tura kafaɗarsa ta cusa matashi, amma ɓarin da ya mutu nauyi gare shi, kafin ta fita ya koma rigingine. Ba ya yarda kowa ya tuɓe shi sai ita, ita kuwa gaban jikinsa kawai take iya gogewa.

Bazara ta shigo da zafinta. An shimfiɗa masa leda a kan katifa saboda fitsari yana kufce masa. Wata Juma'a bayan la'asar na iso na tarar ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta, amma a ƙarƙashin ƙamshin akwai wani wari da ban san irinsa ba.

"Inna, wanga wari fa?"

Ta dubi ƙasa. "Na ji shi tun jiya. Na ce shi bari in duba, ya ƙiya."

Na cire takalmi na shiga har bakin gadon, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, za ni juya ka."

Maganarsa ta yi nauyi tun faɗuwar, amma ana ganewa. Ya ce wa Inna, ba ni ba, "Shi kira wani."

"Wa za shi kira?" in ji Inna.

Na sa hannu ɗaya a kafaɗarsa, ɗaya a ƙugunsa, na mirgino shi wajena. Ya rufe ido. Rigar ta manne a bayansa, sai da na jiƙa ta da ruwa ta saki. A ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ke taɓa katifa, fata ta ɓare, wurin ya kai faɗin tafin hannuna, tsakiyarsa ya yi baƙi. A kwatangwalonsa na dama akwai wani ƙarami, ja wur. Dugadugansa duka biyu sun yi duhu. Sauran bayan kuwa ya bushe ya yi fari, yana ɓarɓashi kamar an barbaɗa masa toka.

Inna ta leƙo ta gani, ta yi salati, ta zauna a ƙasa. Ni kuma na tsaya riƙe da shi, na rasa abin yi. Ban iya mayar da shi kan ciwon ba, ban kuma iya sakinsa ba.

Gwaggo ce ta faɗo mini a rai. A lokacin ta bar ƙauyensu, tana zaune a garin Maradun a gidan ɗan mijinta, tun da 'yan bindiga suka hana mutanen yankin sakat, ƙauyen ya watse. Na kira wayar gidan, aka kai mata. Da safe sai ga ta a motar haya, da ƙullin kayanta da wata ƙaramar ƙwarya da aka ɗaure bakinta da tsumma.

Ta yi sallama ta shiga, ta durƙusa, suka gaisa da wanta gaisuwa mai tsawo, ya jiki, ya zafi, ya mutanen Maradun, ya haƙuri da zaman gudun hijira. Da aka gama ta miƙe ta ce mini in juya shi. Baba ya fara cewa in fita.

"Yaya," in ji Gwaggo, "wa za shi ɗaga ka in ya hita? Ni ko matarka? Ɗanka na, ba baƙo ba na. Kunyar nan ta kai ka inda ta kai ka, ta isa haka nan."

Ya bar ni na juya shi.

Ta aike ni kasuwa na sayo bagaruwa. Ta tafasa ta har ruwan ya yi ja kamar shayi, ta bar shi ya huce, ta wanke ciwon da shi a hankali da farin ƙyalle. Sauran bagaruwar ta daka ta tankaɗe, ta barbaɗa garin a cikin ramin. Sannan ta kwance ƙwaryar. Man kaɗe ne, ragowar wanda ta yi da hannunta shekarar da suka baro gida. Ta laƙato kaɗan ta sa mini a tafi.

"Murza shi shi narke. Ka bi baya duka, amma kada ka kai bakin miki. A hankali, hwatar tsoho ba ta son ƙarhi."

Ina murzawa ƙamshin ya taso, mai ɗan hayaƙi-hayaƙi, sai na ga kaina a tsakar gidan Gwaggo ina yaro. Farkon damina takan tafi daji da matan ƙauye tsintar ƙwara, 'ya'yan kaɗe da suka zubo. Mu yara mu shanye zaƙin, ita ta tara ƙwallayen. Ta dafa, ta shanya, ta fasa, ta daka, ta soya, ta niƙa. Daga nan ta zauna da babbar ƙwarya tsakanin ƙafafunta tana cuɗawa tana yayyafa ruwa har farin kumfa ya taso. Da man nan ta shafe ni duk yarintata. Ƙuna, kaushi, faso, ƙaiƙayi, ciwon da ƙaya ta ji mini, komai shi ne.

Na ɗora hannuwana a bayan mahaifina. Ban san haka ya rame ba. Ina jin haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin yatsuna. Akwai wani dogon tabo a kafaɗarsa ta hagu wanda ban taɓa sanin yana da shi ba. Jikinsa ya sandare tun daga wuya har ƙugu, kamar mai jiran duka. Na shafa, na shafa, fatar tana shan man tana yin duhu, har na ji ya saki numfashi.

Daga ranar na nemi izini a wurin aiki na dawo Bakura da kwana. Muka raba aiki. Ni ɗagawa da juyawa da wanka da shafa, Gwaggo wankin miki, Inna abinci da wankin zannuwa. Muka yar da ledar, muka koma tsofaffin zannuwa da ake ninkawa a canza. Cikin 'yan kwanaki bayan ya daina ɓarɓashi, dugadugan suka washe, ƙaramin ciwon kwatangwalo ya fara tsukewa. Babban ma ya yi ɓawo, ya bushe ƙamas. Inna ta fara cewa alhamdu lillahi da ƙarfi.

Sai zazzaɓi ya zo. Baba ya daina karɓar kunu, yana rawar ɗari a cikin wannan zafin, yana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Gefen ɓawon ya kumbura ya yi zafi. Da na danna kusa da shi, sai ruwan ciwo ya tsarto ta ƙarƙashi, warin nan ya dawo fiye da na farko.

Akwai wani ma'aikacin jinya a unguwarmu, ɗan abokin Baba ne. Na je na ɗauko shi. Ya sa safar hannu ya duba sosai. Sannan ya ce sama ce ta bushe, ƙasa tana ci gaba da ruɓewa, dole a cire ɓawon da mataccen naman, a fara allura, in kuma zazzaɓin bai sauka ba a koma asibiti. Ya tafasa almakashinsa a tukunyar Inna. Na riƙe Baba a ƙirjina, fuskarsa a kafaɗata, yana yanka. Mataccen nama ba ya zafi, amma da aka kai ga mai rai Baba ya damƙi rigata da hannunsa mai lafiya har ta yage. Da aka gama, ramin da ya bayyana ya ninka abin da muke gani a da, ya yi zurfin da na kawar da kai.

Gwaggo tana tsaye a jikin bango duk tsawon aikin. Da ma'aikacin ya fito wanke hannu ta bi shi.

"Ɗan nan, garin da na sa shi ya ja wanga?"

"Gwaggo, ciwon ya riga ya yi zurfi kahin ki zo," in ji shi. "Bagaruwa tana busar da ciwon da ke sama. Wanga rami na, in an ruhe bakinshi sai shi ci ciki. Ki bar sa gari. Amma man nan kada ki bari, shi ya hana sauran bayan ɓarewa. In kuna da zuma mai kyau, da ita za mu riƙa cika ramin."

Ta gyaɗa kai. Ranar ba ta ci abinci ba. Na same ta a bayan ɗaki zaune a kan turmi, ta ce mini, ba tare da ta kalle ni ba, "Tun ina budurwa nike sa ma mutane garin nan. Ban taɓa ganin ya yi haka ba." Na ce ai an ce ba laifinta ba ne. Ta ce, "An ce." Ni kaina ban san abin da zan gaskata ba. Wani lokaci in ji haushinta, wani lokaci in tuna ba don ita ba da har yanzu ina tsaye a bakin ƙofa.

Zazzaɓin ya sauka bayan allurai. Ma'aikacin ya koya mini wankin ramin da ruwan gishiri, da jiƙa bandeji da zuma a cusa, a rufe. Safe da yamma nake yi. A hankali cikin ramin ya fara yin ja, jan nama mai rai. Amma ƙwaryar Gwaggo ta kai ƙasa. Muka kankare ta da cokali, muka ɗauraye ta da ruwan ɗumi muka shafa ruwan.

Ranar Talata na shiga kasuwar Mafara neman man kaɗe. Na samu a wurin mata biyu, fari tas, a cikin robobi. Gwaggo ta shinshina, ta murza a yatsa, ta ce an haɗa shi da wani abu. Duk da haka muka shafa, don babu wani. Washegari bayan Baba ya feso da ƙananan ƙuraje. Na sayo man shafawa na kanti, shi kuma sai ya zauna a kan fata yana maiƙo, zufa ta taru a ƙarƙashi. Ƙaiƙayi ya dame shi. Da hannunsa na hagu yake susa duk inda ya kai, har ya fasa fatar cinyarsa da gefen cikinsa. Na yanke masa farce, ya koma goga bayansa a kan zani. Kowane sabon jan wuri da na gani sai gabana ya faɗi, don yanzu na san inda jan wuri ke kaiwa.

Ruwan farko ya sauka, aka yi na biyu. Wata safiya na fito na tarar Gwaggo ta ɗaure ƙullinta.

"Ina zuwa?"

"Ƙwara ta hwara zuba. Matan ƙauyenmu da ke Maradun suna shiga tsinta. Za ni bi su."

"Gwaggo, dajin da kunka gudo daga cikinshi?"

"Ba ciki za mu ba, baki-baki na. Itacena suna nan bayan gonar mijina, na san su ɗai-ɗai. In samo ƙwara, in ɓanɓaro hano, in dawo."

Hano itace ne da ake tafasa ɓawonsa a wanke ciwo, ta daɗe tana cewa ya fi bagaruwa sanyi a fata. Na ce ba na son hanon, ba na son man, zan sa a sayo mini daga Gusau ko Sakkwato. Ta ce na Gusau da na Sakkwato daga ina suke, in ba irin wanda na sayo ba. Na ce to ni zan je. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Namiji da babur? Kai za su hwara ɗauka. Tsohuwa mi za su yi da ita? Kuma in ka tahi wa za shi juya shi?"

Na tsaya a ƙofar gida na ce ba za ta fita ba. Ban taɓa yi mata haka ba. Ta dube ni ta ce, "Ni na goye ka. Kauce." Na kauce.

Ta ce kwana biyu za ta yi. Kwana biyu suka wuce, aka shiga wasu. Wayar Maradun ba ta shiga, in ta shiga kuma ɗan mijinta ya ce sun fita tun ranar, ba su dawo ba, an ce sun sauka a Damaga wurin dangi. Sai labari ya zo bakin direbobi cewa an ji harbi ta wajen. Wani ya ce an kwashe mata, wani ya ce shanu ne aka kora, wani ya ce ƙarya ce duka. Inna ta daina kauce mini, ta riƙa zuwa ta zauna kusa da ni.

Ban gaya wa Baba ba, amma ya lura. Ina shafa masa ruwa a baya ya ce, "Ina ƙanwata?"

Wannan ne karo na farko da ya yi mini tambaya kai tsaye a ɗakin. Na ce ta je Maradun.

"Maradun ko daji?"

Na ce daji.

"Don ni?" ya ce. Na ce don mai. Ya juya fuskarsa bango, kafaɗarsa ta fara girgiza a ƙarƙashin hannuna. Ban san yadda ake rarrashin uba ba. Na ci gaba da goge masa baya har ya yi shiru.

Ranar da Gwaggo ta dawo, da hantsi ne. Wani ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar gida, ya riƙe ta har zaure don ba ta iya taka ƙafar hagu. Ta ɗaure ƙwaurinta da gefen zaninta, jini ya bushe a kai, ganyen sabara da ta tattauna ta manna yana leƙowa ta ƙasa. Ta ƙi yarda a taɓa ta sai da ta shiga ta gaida wanta. Ya kama hannunta da na hagunsa, ya riƙe.

A tsakar gida, ina kwance ɗaurin, ta ba mu labari. Sun isa bayan ƙauyen da safe. Gidajen suna nan, ba rufi, ciyawa ta fito a ɗakuna. Itatuwan kaɗen da ta je dominsu kuwa kusan duk an sare, an ƙona gawayi, sai kututture da baƙin wuri.

"Wa ya sare?" in ji Inna.

"Wa za ni tambaya? Ko su, ko namu da yunwa ta kora. Gawayi dai an yi."

Sai suka ƙara nutsawa ciki inda suka hango wasu tsaye. Sun cika buhuna rabi-rabi suka ji babura, sannan harbi, ba su san ko su ake nufi ba. Kowa ta yar da buhunta ta ruga. Tsinin wani kututture ya tsarge mata ƙwauri ta faɗi, wata mata ta ja ta cikin sabara suka kwanta har ƙarar ta yi nisa. Da ƙafa suka lallaɓa Damaga, a can ta kwanta da zazzaɓi. Duk matan sun tsira. Abin da ta dawo da shi shi ne ƙwarar da ta ƙulle a haɓar zani tun farkon tsinta, ba ta fi cikin kwano ba. Hano ko ɓanɓare ɗaya ba ta samu ba.

Yankan ya yi tsawon yatsa, ya buɗe, gefensa ya kumbura. Ma'aikacin jinya ya ce lokacin ɗinki ya wuce, sai dai wanki da allura. Na zama mai majinyata biyu. In gama da ɗakin Baba in fito in durƙusa gaban Gwaggo da ruwan gishiri. Da na ɗauko zuma ta ce in bar wa Yaya, ita a daka mata bagaruwa. Na ce a'a. Muka yi ta ja, har ta ce in yi yadda na ga dama.

Tana zaune da ƙafa a miƙe ta sarrafa ƙwarar. Rana ba ta samuwa sosai saboda hadari, sai ta busar da ita a gefen murhu. Inna ta yi daka, ni na kai inji aka niƙa, Gwaggo ta cuɗa a ƙaramin kwano. Man da ya fito bai cika kofin shayi ba. Ta miƙo mini ta ce, "Ka yi tattali." Duk lokacin da na laƙata sai in tuna ƙafarta, in ji kamar in ajiye. Amma fatar Baba ta karɓe shi. Ƙurajen suka kwanta, susar ta ragu, ya samu barci.

A cikin waɗannan makonnin ne ya fara yi mini magana. Kullum ina bayansa, yana fuskantar bango, wataƙila shi ya sa ya iya. Ba wata babbar magana ba ce. Ya ce gonar fadama gefen gabas tana riƙe ruwa, kada a shuka ta da wuri. Ya ce irin shinkafar da ke cikin rumbu na hagu shi ne na shuka, kada Inna ta kai shi inji. Na tambaye shi tabon kafaɗarsa, ya ce saniyar babansu ce ta soke shi yana saurayi, kuma Gwaggo, tana 'yar ƙarama, ita ta riƙa kore masa ƙuda har ya warke. Wata rana ya ce hannuna ya yi sanyi, in riƙa murzawa sosai kafin in taɓa shi. Na riƙa yin haka.

Ciwon kwatangwalo ya rufe ya bar tabo. Babban ya riƙa cikowa daga ƙasa, yana tsukewa, har ya dawo kamar bakin kofi. Ma'aikacin jinya ya ce in aka ci gaba haka, kafin sanyi zai rufe. Man ya ƙare ana tsakiyar damina. Muka koma man gyaɗa da Inna ke matsewa da kanta, bai kai ba amma bai yi ƙuraje ba.

Bai kai sanyin ba. Gab da kaka tari ya kama shi, ƙirjinsa ya cushe, muka koma asibiti aka sa masa ƙarin ruwa da iska. A can ya cika, wata Laraba bayan azahar, ƙanena da ya iso daga kudu yana riƙe da kan Baba, ni ina wajen karɓo magani. Da aka zo wanka liman ya tambaya wa zai shiga cikin 'ya'yansa. Ƙanena ya kalle ni. Na shiga. Ni na cire bandejin ƙarshe. Ramin yana nan ja, mai tsabta, saura kaɗan.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da an duba bayansa tun makon farko fa? Da ba a sa garin ba, ko zazzaɓin nan bai raunana shi ba? Ko kuwa ba abin da zai canza? Na tambayi ma'aikacin jinya bayan sadakar bakwai, ya ce irin wannan kwanciya ƙirji ne yakan kawo ƙarshenta, da miki ko ba miki. Na karɓa, amma tambayar ba ta bar ni ba gaba ɗaya.

Gwaggo ba ta koma Maradun ba. Inna ta ce ta zauna ta taya ta zaman takaba, da aka gama kuma ba wanda ya tayar da maganar tafiya. Ƙafarta ta rufe, sai dai fatar wurin ta yi siriri tana ƙyalli, kuma duk bazara sai ta tsage ta fara ruwa. Ranar Asabar nakan zo daga Mafara in wanke mata in ɗaure. Mata suna zuwa wurinta da yara masu ƙuna ko ƙuraje kamar yadda aka saba a ƙauye. In ciwon na sama ne takan ce a tafasa kaza a wanke. In ta ga ya yi zurfi sai ta ce, "Ku kai shi wurin yaron nan mai allura, ni ban sani ba."

Asabar da ta wuce na tarar da wata baƙuwa daga Dosara ta zo gaishe su. Gwaggo tana tambayarta mutane gida-gida, wa ya koma, wa ya rasu, wa ya yi gaba. Matar ta ce wasu sun fara komawa noma da rana, su dawo gari su kwana. Sai Gwaggo ta tambaye ta ko hanyar bayan Damaga tana biyuwa yanzu. Matar ta ce wani lokaci. Na ɗago na dubi Gwaggo. Ta miƙo mini ƙafar ta ce in yi sauri, ruwan yana hucewa.